Motar da Ba Ta da Direba Kuma Ba Ta Jiran Cika: Za Ta Iya Maye Gurbin Motar Gida?

  Darasinmu na wannan fitowa a kan sufuri yake, kuma akwai ɗan lissafi a cikinsa. Saboda haka mai biro da takarda a aljihu ya fito da su tun yanzu.

Duk wanda ya taɓa zama a tasha yana jiran mota ta cika ya san abin da ke sa mutane burin mallakar mota tasu ta kansu. Ɗan kamasho na ta kiran saura mutum ɗaya, rana na ta yi, ga shi kana sauri. In an tashi kuma, nan a tsaya a sauke wannan, can a tsaya a ɗauki wancan. Mai motar kansa ya huta da duk wannan. Abu uku yake morewa: yana tashi lokacin da ya ga dama, yana tafiya kai tsaye inda ya nufa, kuma shi ke zaɓar wanda zai zauna kusa da shi.

ABIN DA MOTAR GIDA KE CI WA GARI

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Abin da ya yi wa mutum ɗaya daɗi, idan kowa ya yi shi, sai ya zame wa gari nauyi.

Ƙaramar mota ta fi tan ɗaya nauyi, amma sau da yawa mutum ɗaya ko biyu take ɗauka. Wato ana ƙona mai a ja ƙarfen da ya wuce kilo 1,000 don a kai mutum mai kilo 70 wurin aiki. Idan ta kai shi kuma, sai ta wuni a ajiye. Masana tsara birane sun lissafa cewa motar gida tana yin kusan awa 23 cikin 24 a tsaye, ba ta amfana wa kowa komai. Wurin ajiye mota ɗaya yana cin fili kamar mita 2.5 a faɗi da mita 5 a tsawo. Motoci huɗu ko biyar sun isa su cinye filin aji guda irin namu.

Ga kuma hayaƙi, ga cunkoso, ga haɗari. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan mutum miliyan 1.2 ne ke mutuwa a kan tituna kowace shekara a faɗin duniya.

TAMBAYAR DA INJINIYOYI SUKA YI

A shekarun 1950, lokacin da motoci suka fara shaƙe biranen Amurka, wasu masana suka tambayi kansu: shin za a iya ba mutum waɗancan abubuwa uku da yake so a motarsa, ba tare da ya mallaki motar ba? Ɗaya daga cikin na farko da suka yi wannan tunani shi ne wani masanin tsara sufuri mai suna Donn Fichter, wanda ya fitar da littafi a kan batun a 1964.

Amsar da suka kawo ita ce tsarin da ake kira PRT a taƙaice. Ma'anarsa a Hausa, sufurin gaggawa na mutum shi kaɗai ko shi da abokan tafiyarsa. Ƙananan motoci ne masu cin mutum uku zuwa shida, masu aiki da lantarki, ba su da sitiyari, ba su da direba, ba su da yaron mota. Kwamfuta ce ke tuƙa su a kan wata siririyar hanya da aka gina musu su kaɗai.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar abin ita ce a tuna da lif na dogon bene. Ka danna maɓalli, ya zo, ka shiga, ka zaɓi hawan da kake so, ya kai ka. To, PRT lif ne da aka kwantar, yana tafiya tsakanin unguwanni a maimakon tsakanin hawa da hawa. Ko kuma a ce kamar ka ɗauki shatar A Daidaita Sahu ne, amma babu direba kuma babu kowa a titin sai ire-irensa.

GINSHIƘAI HUƊU NA TSARIN

1. Hanya ta musamman. Yawanci ana ɗaga ta sama a kan ginshiƙai kamar siririyar gada. Mai tafiya a ƙasa ba ya ƙetare ta, babur ba ya kutsowa, dabba ba ta shiga. Wannan ne ya sa kwamfutar shekaru hamsin da suka wuce ma ta iya tuƙi a kanta, domin babu abin ba-zata da yawa.

2. Tasha a gefen hanya. Wannan shi ne ƙashin bayan dabarar, don haka a lura da shi sosai. A layin dogo, tasha tana kan layin ne. In jirgi ya tsaya, duk na bayansa dole su jira, shi ya sa sau da yawa kowane jirgi yake tsayawa a kowace tasha. A tsarin PRT kuwa, motar da za ta sauke fasinja sai ta ratse zuwa wani ɗan reshe da ke gefe, na bayanta su wuce abinsu. Da haka ne kowace mota ke iya tashi daga tashar farko zuwa ta ƙarshe ba tare da ta tsaya ko sau ɗaya ba.

3. Mota ce ke jiran mutum. Babu jadawalin tashi. Motoci suna tsaye a tasha, fasinja ya zo ya zaɓi inda za shi a kan allo, ƙofa ta buɗe, a tafi.

4. Kwamfuta mai kula da kowa. Ita ke zaɓar wa kowace mota hanya, ta tsare tazarar da ke tsakaninsu, ta tura motocin da ba kowa a ciki zuwa tashar da mutane suka taru.

A takarda, abin gwanin sha'awa. To amma Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. Bari mu duba wuraren da aka gina shi.

MORGANTOWN: GARIN 'YAN MAKARANTA

Mafi daɗewa kuma mafi cika da fasinja yana wani ƙaramin gari mai suna Morgantown, a jihar West Virginia ta Amurka. Labarinsa ya shafe mu, domin saboda ɗalibai aka gina shi.

Garin yana matse ne tsakanin tsaunuka da kogin Monongahela, mutanensa kimanin 30,000. A cikinsa akwai jami'ar jihar, mai ɗalibai sama da 20,000. Da jami'ar ta bunƙasa a shekarun 1960, sai ta rasa filin faɗaɗawa a cikin gari, ta gina sabbin sassa a nesa. Aka sa bas-bas suna jigilar ɗalibai tsakanin sassan, amma titunan garin 'yan kaɗan ne kuma ƙunƙuntattu. Cunkoso ya yi yawa har ɗalibi ya fita daga wannan darasi ya kasa riskar na gaba.

Wani malamin injiniyanci na jami'ar, Farfesa Samy Elias, shi ya tsaya tsayin daka a kan a gwada sabon tsarin. Gwamnatin tarayya ta ba da kuɗi, kamfanin Boeing mai ƙera jiragen sama ya ƙera motocin. An yi bikin nuna aikin a watan Oktoban 1972, ana dab da zaɓen shugaban ƙasa, har 'yar Shugaba Nixon ta halarta. Amma sai a 1975 ya fara ɗaukar fasinja, sannan aka kammala kashi na biyu a 1979.

Layin yana da tsawon kilomita 5.8 da tasha 5, kuma tafiya daga farkonsa zuwa ƙarshe ba ta kai minti 15 ba. Motocin kimanin 70 ne, masu tayoyin roba, gudunsu bai wuce kilomita 48 a awa ba. Da yake ƙasar sanyi ce, an binne bututu a cikin kankaren hanyar, ana tura ruwan zafi don ya narkar da dusar ƙanƙara. A lokacin karatu yana ɗaukar dubban fasinja a rana.

Abu biyu ya kamata mu riƙe daga nan. Na farko, kuɗin da aka ƙiyasta tun farko bai kai dala miliyan 20 ba, amma kafin a gama an kashe sama da miliyan 100. Gaggawar da aka yi don aikin ya riski lokacin siyasa tana cikin abin da ya jawo haka, kuma wannan tsada ta sanyaya gwiwar sauran biranen Amurka. Na biyu, motocin Morgantown ba ƙanana ba ne sosai: mutum 8 ke zama, kimanin 12 su tsaya. Fasinja kan danna maɓallin tashar da yake so, ya ɗan jira wasu masu zuwa can su taru. Idan an yi kamar minti 5 ba su taru ba, sai a tura masa mota ko shi kaɗai ne. Ke nan tsarin da ya fi kowanne amfani sai da ya sassauta alkawarin nan na kowa da motarsa. Ku riƙe wannan, za mu ga dalili a wajen lissafi.

HEATHROW, MASDAR DA SUNCHEON

A filin jirgin sama na Heathrow da ke Landan, an buɗe wani a 2011. Sunansa ULTra, kuma Farfesa Martin Lowson na Jami'ar Bristol ne ya assasa shi. Motoci 21 ne, kowace tana cin mutum 4 da kayansu, a kan hanya mai tsawon kilomita 3.8, tsakanin wani wurin ajiye motoci da ginin tashin fasinja na 5. Da batir suke aiki, suna caji idan sun tsaya a tasha, kuma da hasken leza suke auna gefen hanya don kada su kauce. Gudunsu kilomita 40 a awa, tafiyar kamar minti 5. Bas-bas ne ke wannan jigila a da. Wannan ya cika sharuɗɗan PRT sosai, sai dai gajere ne ƙwarai.

A Abu Dhabi ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa, an yi babban buri. An tsara sabon birni mai suna Masdar, wanda aka ce motar gida ba za ta shiga cikinsa ba sam. Za a ɗaga titunan masu tafiya a ƙafa sama, ƙananan motoci marasa direba su riƙa kai da kawowa a ƙarƙashi, suna bin maganaɗisun da aka binne a ƙasa. Wani kamfanin ƙasar Holan mai suna 2getthere ya ƙera su, aka buɗe a ƙarshen 2010 da motocin fasinja 10. Amma a wannan shekarar ce aka soke shirin yaɗa tsarin a duk birnin, saboda kuɗin ɗaga gari guda a kan ginshiƙai ya zama linzamin da ya fi ƙarfin bakin kaza, ko da a ƙasa mai arzikin mai. Aka tsaya a ɗan guntun layi tsakanin wurin ajiye motoci da cibiyar karatu.

A birnin Suncheon na Koriya ta Kudu, an buɗe SkyCube a 2014, motoci 40 a kan kilomita 4.6. Masu yawon buɗe ido yake kaiwa daga wani babban lambu zuwa wata fadama ta bakin teku da ake karewa saboda tsuntsaye.

Akwai kuma waɗanda ba su kai ga ɗaukar jama'a ba. Jamus ta gwada nata mai suna Cabinentaxi a kusa da garin Hagen a shekarun 1970, aka shirya gina shi a Hamburg, sai aka janye kuɗin. Faransa ta shafe shekaru fiye da 15 tana gwada Aramis a yankin birnin Paris, ta haƙura a 1987.

Yanzu ku duba jerin waɗanda suka yi aiki: jami'a, filin jirgi, cibiyar karatu, wurin shaƙatawa. Babu birni ko ɗaya da ya ajiye motocinsa ya koma PRT. Me ya sa?

A FITO DA BIRO: LISSAFIN TAZARA

Awa ɗaya sakan 3,600 ce. Idan ana sakin mota ɗaya kowane sakan 6, motoci 600 za su wuce a awa. In kowace ta cika da mutum 4, an kwashe 2,400. Amma ai alkawarin tsarin shi ne ba za a haɗa ka da baƙo ba, don haka mu ɗauka mutum 2 ne a kowace mota. An dawo 1,200 a awa.

Kwatanta da bas mai cin mutum 60 da ke tashi kowane minti ɗaya: 3,600 a awa. Kwatanta da jirgin ƙasa na cikin birni mai cin mutum 800 da ke tashi kowane minti 3: jirage 20 sau 800, wato 16,000 a awa.

Wani zai ce, to a rage tazarar mana. Nan ne darasin fiziks ya shigo. Ƙa'idar tsaro da aka gada daga layin dogo ta ce dole motar baya ta iya tsayawa ko da ta gaba ta ƙame nan take kamar bango. Gudun kilomita 40 a awa daidai yake da kimanin mita 11 a sakan. Idan birki na rage gudu da mita 2.5 a sakan cikin kowane sakan, nisan tsayawa shi ne 11 sau 11, a raba da 2 sau 2.5. Wato 121 a raba da 5, kimanin mita 24. Motar tana cin wannan nisa cikin sakan 2 da ɗan ɗoriya. A ƙara tsawon motar kanta da ɗan rarar tsaro, an kai wajen sakan 3. Ke nan ko an matsa iyakar matsawa, motoci 1,200 ne a awa, fasinja 2,400. Har yanzu bai kama ƙafar jirgin ƙasa ba.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙa ba. Da safe kowa cikin gari ya nufa, don haka motocin za su koma wayam su ɗauko wasu, kuma motar da ba kowa a ciki ita ma tana cin gurbi a hanya. Sai kuma tasha. A ce tana da gurbin mota 4, kowace na ɗaukar sakan 30 kafin mutum 4 su shiga ta tashi. Mutum 32 ke nan a minti. In 'yan makaranta 300 suka fito lokaci ɗaya, cikin minti 10 an kwashe su. In kuwa 'yan kallon ƙwallo 3,000 ne, na ƙarshe zai jira sama da awa ɗaya da rabi. Yanzu kun ga abin da ya sa Morgantown ta zaɓi motoci masu cin mutum 20.

MATSALAR KUƊI DA ISA KO'INA

Motar gida tana zuwa har ƙofar gida domin titi ya riga ya kai can. Kafin PRT ya yi gogayya da ita, sai an shimfiɗa hanyarsa a kowace unguwa, ta yadda kowa zai sami tasha kusa. Guntun layi ba ya jawo mutane da yawa, cikakken layi kuma ba wanda ke son zuba masa kuɗi bai ga ya yi aiki a wani wuri ba. A unguwa mai cunkoson jama'a, inda za a sami masu biyan kuɗin mota, ƙananan motocin sun yi kaɗan. A unguwar da mutane suka warwatsu, inda ƙananan motoci za su wadatar, fasinja ba su kai su biya kuɗin gina gadar ba. Ga kuma masu gidajen da ba sa son gada ta bi ta saitin tagoginsu.

A 'yan shekarun nan an sami sabon abokin gasa: tasi marar direba mai bin titin kowa da kowa. Kamfanin Waymo ya buɗe wa jama'a irin wannan a yankin Phoenix na Amurka a 2020. Ita ba ta buƙatar a gina mata gada, amma in titi ya cushe, ita ma ta shiga sahu.

ABIN DA MUKA KOYA

Tsarin PRT yana aiki, shekaru kusan hamsin na Morgantown sun isa shaida. Yana da amfani a wurin da tafiya gajera ce, fasinja suna zuwa jefi-jefi a duk wuni, kuma fili da kuɗi suna hannun hukuma ɗaya: babbar jami'a, babban asibiti, filin jirgi, ko haɗa unguwa da tashar jirgin ƙasa. Amma a matsayin magajin motar gida a birni sukutum, har yau ba a ga inda ya yi ba. Biranen da suka rage dogaro da mota sun yi haka ne da jiragen ƙasa, da bas masu layinsu na kansu, da hanyoyin keke da na tafiya a ƙafa.

'Yan'uwa, wasunmu za su zama injiniyoyi, wasu kansiloli, wasu kwamishinoni. Wata rana wani zai zo muku da kyakkyawan hoto a kwamfuta ya ce ga maganin cunkoson garinku, a sa hannu a fitar da kuɗin jama'a. Kafin ku yaba ko ku kushe, ku yi masa tambaya huɗu: Mutum nawa yake ɗauka a awa? Nawa ne kuɗin kilomita ɗaya? A wane gari ya taɓa aiki, kuma shekara nawa? In ya lalace ko wuta ta ɗauke, wa zai gyara, kuma yaya fasinjan da ke sama za su sauko?

TAMBAYOYIN GWADA FAHIMTA

1. Bayyana da kalmominka dalilin da ya sa ake gina tashar PRT a gefen hanya.
2. Idan tazara sakan 15 ce, kuma kowace mota na ɗauke da mutum 20, fasinja nawa za su wuce a awa ɗaya?
3. Mota tana gudun mita 14 a sakan, birkinta irin wanda muka yi misali da shi ne. Mita nawa za ta ci kafin ta tsaya?
4. Kawo abu ɗaya da Morgantown, Heathrow da Suncheon suka yi tarayya a kai.
5. Don muhawara: a garinku, wanne ya fi cancanta a fara kashe wa kuɗi, sabuwar fasaha ko gyara sufurin da ake da shi? Kawo hujja biyu.

A rubuta amsa da suna da aji, a jefa a akwatin kulob kafin tashi ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshi uku mafi kyau a fitowa ta gaba. Muna kuma roƙon malamanmu na fiziks da lissafi su duba mana alƙaluman nan, in da gyara a yi mana. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.